Na ɗora littafin Kaka a intanet ban karanta shi ba

Jiya a zauren gidanmu na Safana sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ina gaban Baffa Malam, ƙanen mahaifina, ina ta cika baki. Kwanaki na karɓi littafin fiƙihun da kakanmu ya rubuta da hannunsa, na kai jami'ar da nake aiki muka ɗauki hoton kowane shafi. Ina ba shi labarin layin intanet mai sauri da ya haɗa mu da sauran jami'o'i. Na ce kafin shayi ya huce littafin ya hau, yanzu har masu bincike na ƙasashen waje suna karantawa.

Baffa ya ce, "Masha Allah. Ashe sun ga maganarka."

Na ce, "Wace magana, Baffa?"

Ya ɗago ya dube ni. "Au, ba ka karanta ba?"

Ya zaro littafin daga gafaka ya buɗe wajen ƙarshe. A gefen shafi Kaka ya rubuta sunana da ajami, da ranar da aka haife ni, da addu'ar Allah ya sa ni zan gaji karatun littafin.

Da hannuna na danne shafin nan aka ɗauki hotonsa. Ko hoton ya fita kawai na duba.

Baffa bai yi faɗa ba. Ya ce Asabar bayan la'asar in zo mu fara daga shafin farko.

Jama'a, akwai wanda baƙi suka riga shi karanta abin gidansu, ko ni kaɗai ne?