Burtalin Yaya Sale

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sale, wanda mutanen mazaɓarmu da ke arewacin Bici suka fi sani da Kansila. Zango ɗaya ya yi. In aka tambaye ni me ya gina, nakan ce bai gina komai ba, burtali ya tsare.

Burtalinmu ya ratsa gonaki ya gangara fadama. Ta nan shanu ke zuwa shan ruwa, ta nan ake bi da gawa maƙabarta. A wajenmu ƙasa ta yi kaɗan, gona na jingine da gona, don haka kowa ya san dabarar: damina na faɗuwa mai huɗa zai ƙara kunya ɗaya a cikin hanya. Bana ɗaya, baɗi ɗaya, ba wanda ke kiran wannan sata.

Da Yaya ya hau kujera, sauran kansiloli na yawon sakatariya, shi yana dasa bini-da-zugu a tsohuwar iyaka. Kuma da gonar kawunmu Idi ya fara.

"Sale, duk garin nan ni ka raina?"

"Kawu, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. In na tsallake gida, wa zai saurare ni?"

Kawu bai sake amsa gaisuwarsa ba. Da zaɓe ya zagayo, ko a rumfar ƙofar gidanmu Yaya bai ci ba. Bai yi ƙorafi ba, amma ni da na zauna da shi na san abin ya ci shi. Ranar jana'izarsa dai, a wadace makararsa ta wuce, jama'a dama da hagu.

Da zai leƙo yau, ban san me zan ce masa ba. Kansiloli sun zo sun tafi, na gaji da kai musu maganar. Bini-da-zugun na nan, sai dai yanzu a tsakiyar gonaki yake. Ana jin nauyin cire shi, sai a kewaye shi da garma. Wataƙila abin da ya rage na Yaya ke nan, shaidar da kowa ke gani ya kau da kai.

Makon jiya muka ɗauki Kawu Idi, Allah ya ji ƙansa. Daidai gonarsa makara ta kasa wucewa. Sai da muka tattake geronsa sannan muka kai shi kabari.