Ramuka Huɗu a Jikin Gwaggo

Da ƙarfe bakwai na safe yake ɗaga ƙofar garejin gidansa, ƙofar kuma takan yi kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Mutumin da ya shafe shekara talatin da takwas yana kashe ƙarar ƙarafan jama'a har yau bai ɗiga wa tasa ƙofar mai ba. Matarsa ta daina yi masa maganar tun yaransu suna firamare. Sai ya share ƙasa tukuna, ya shimfiɗa tsohon zanen gado a kan tebur, ya jera sifanu daga ƙarami zuwa babba. Ɗaya ne ba ya shiga layi, mai lamba sha uku, wanda ke zaune a aljihun rigarsa har wajen ɗaurin aure. Shi ya sa ake ce masa Sha-Uku, kuma akwai surukinsa da sai da ya duba katin gayyata kafin ya san sunansa na yanka.

Makanikin sashen motoci ne na wani asibiti. Da ya yi ritaya bara waccan, an ba shi agogon bango da takardar yabo mai ɗauke da sunan wani mutum daban, aka ce za a gyara. Agogon dai yana aiki.

Tun daga nan tsofaffin motoci ya koma tayarwa a gida, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Duk notin da ya kwance yana da wurinsa a kan zanen gadon, kuma a yadda ya fito haka zai koma. Ƙa'idarsa guda ce, duk layin an san ta: ba a huda jikin tsohuwar mota. "Wanda ya ƙera ta ba mahaukaci ba ne," haka yake cewa. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya shaida ranar da wani matashi ya kawo wata dattijuwar mota yana so a yanke rufinta a cusa mata lasifika shida. Sha-Uku ya ba shi kujera, ya ba shi ruwan sanyi, ya tambayi lafiyar iyayensa, sannan ya raka shi har bakin titi.

Wannan mutumin ne ya huda mota da hannunsa, har sau huɗu. Dalilin wannan jinjina ke nan.

Akwai tsohon direban motar ɗaukar marasa lafiya da suka yi aiki tare shekara talatin, suna faɗa kusan kullum a kan wanda ya ɓata kuloci. Direba ya girme shi da shekara biyar, don haka Yaya yake ce masa, ko da a tsakiyar faɗa. Lokacin da asibitin ya yi gwanjon wata doguwar mota mai launin madara, wadda ta girmi likitocin wurin da dama, Direba ne ya saye ta. Ya sa mata suna Gwaggo, domin ba ta tashi sai an lallashe ta. Daga baya ciwon sukari ya ci ƙafarsa ta dama, aka yanke daga ƙasan gwiwa. Mutumin da ya san kowane rami a titunan garin ya shiga ɗaki ya saki labule. Shekara biyu. Masu zuwa dubiya suka gaji da jin "yana barci" da ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Gwaggo kuma ta zauna a tsakar gida, tayoyinta sun lotsa, kaji na ƙwai a kujerar baya.

Wata Litinin matar Direba ta zo garejin, ta ƙi zama.

"Babban yaron ya kira masu sayen ƙarafa," ta ce. "Ranar Asabar za su zo da ma'auni. Ya ce ganin motar ne ke ƙara wa babansa ciwo."

"Shi Yaya me ya ce?"

"Ya ce su ɗauka. Ya juya fuska bango." Ta gyara mayafi. "Ni na san mijina. Ranar da motar nan ta fita a bayan babbar mota, ba zai sake fita daga ɗakin nan da ransa ba."

Sha-Uku ya taɓa aljihunsa, kamar yadda yake yi in yana tunani. Ranar Laraba shi da tela da wasu mutum uku suka turo Gwaggo zuwa garejinsa, bayan an sallami kajin. Babban ɗan, mai digiri biyu kuma mai tausayin ubansa da gaske, ya biyo su. "Baba, ko ka tayar da ita, da wace ƙafa zai tuƙa?"

"Je ka ofis, ɗana. Za ka makara."

Washegari Sha-Uku ya shiga ɗakin Direba ba tare da ya jira izini ba, ya tsaya a kansa. "Yaya, kunnena ya mutu. Injin Gwaggo na yin wata ƙara, na kasa gane ta."

"Kunnenka dama bai taɓa rai ba," Direba ya ce, fuskarsa na bango.

"To shi ke nan. Zan kwance kafireta in wanke da omo."

Direba ya juyo. Bayan minti arba'in yana garejin da sandunansa biyu, yana haki, yana zagin duk wanda ya koya wa Sha-Uku sana'a. Tela ya rantse cewa a lokacin ko batir babu a motar, balle ta yi ƙara.

Wata huɗu aikin ya ci. Sun kankare tsatsa, sun sauya lagireto, sun nemo fulogi daga wani gari, sun ɗinke kujerun da kaji suka yi wa ado. Direba na zaune a kan tsohuwar taya yana ba da umarnin da ba a bi. Sannan aka zo ga abin da Sha-Uku ya yi ta zanawa a bayan takardar yabon nan mai sunan wani: sandar ƙarfe a gefen sitiyari, a tura ta gaba ta taka birki, a jawo ta baya ta ba da totur, ƙafar hagu kuma ta ci gaba da kulocinta. Don a ƙera sandar dole a auna hannun Direba. Awon hannun mutum aikin minti biyar ne. Sha-Uku ya yi mako shida yana yinsa, kullum da safe, kullum sai ya ce na jiya bai fita daidai ba.

"Hannun nawa tsiro yake yi ne?" Direba ya tambaya.

"Naka ne, kai za ka sani. Gobe ka zo da wuri."

Matar Sha-Uku ta kawo musu shayi, ta kalli igiyar awon, ta kalli mijinta. "Malam, ko ni da ban yi makarantar kanikanci ba na haddace lambar nan." Ya yi kamar bai ji ba.

Amma sandar ba za ta tsaya a iska ba. Tana buƙatar maƙali, maƙalin kuma yana buƙatar ramuka huɗu a ƙarfen da ke ƙarƙashin sitiyari, ƙarfen da ba a taɓa ba tun ranar da aka ƙera motar. Sha-Uku ya yi kwana uku yana neman hanyar kaucewa. Ya gwada matsewa da ƙugiya, ta zame. Ya san birkin da zai iya zamewa ba birki ba ne. A rana ta huɗu ya ɗauki na'urar huda ƙarfe, ya durƙusa, ya daɗe bai kunna ba.

Direba ya ce, "Bari, Sha-Uku. Na san ƙa'idarka. Kada ka ɓata ta saboda ni."

"Likita ma da ya yanke ka ba don yana jin daɗi ba ne. Riƙe min fitila, Yaya."

Ya huda. Ya share garin ƙarfen da tafin hannu, ya shafa wa bakin kowane rami fenti don kada tsatsa ta samu ƙofa.

Sun yi mako biyu suna gwaji a wani fili, sannan jami'in duba motoci ya jijjiga sandar da ƙarfinsa duka, ya zagaya da Direba, ya sa hannu. Ranar da Gwaggo ta hau titi, Direba ne a sitiyari, matarsa a gefensa, babban ɗan a baya yana riƙe da kujera da hannu biyu. Sha-Uku ya ƙi shiga. Ya ce yana da shara. Tela ya ce ya ga tsintsiyar a hannunsa, amma bai ga ta taɓa ƙasa ba har motar ta sha kwana.

Kai ne, Sha-Uku, ka riƙe ƙa'ida shekara talatin da takwas ba ka sayar wa mai kuɗi ba, ka ajiye ta a rana guda don wani tsoho mai yawan faɗa. Mai jera noti kamar mai jera 'ya'ya, kai ne ka gane cewa cikin abubuwa biyun da suka lotsa a gidan nan, motar ce mai sauƙin gyara. Mu da muka je dubiya sau ɗaya da lemo a leda, aka ce mana yana barci muka ji sanyi a rai muka koma, mun ga abin da ka yi. Mun gode. Allah ya ƙara wa hannunka albarka, ya kuma nuna mana ranar da za ka shafa wa ƙofar nan mai.

Wanda duk yake da wani da ya saki labule, ya nemi abin da zai ce ya kasa yi sai da shi, ya je ya tsaya a kansa. Ba sai ya iya kanikanci ba.

Da zai miƙa wa Direba mabuɗin Gwaggo, Sha-Uku ya gindaya sharaɗi: irin wannan sanda dole a kawo ta dubawa kowace Talata da safe, har abada. Babu littafin da ya faɗi haka, Direba ma ya sani, domin ba yau ya fara tuƙi ba. Talatar da ta wuce, bakwai saura kwata Gwaggo na bakin garejin, Direba na danna oda.

"Ka makara, Sha-Uku."

"Agogon asibiti ne, Yaya. Buɗe bonet."