Baba Delmus da Gonar Kwari

"Babu kakar da ta taɓa wucewa ban kayar da mai ƙaho a Gonar Kwari ba." Haka Baba Delmus Purifoy yake faɗa tun ina yarinya, kuma haka ya sake faɗa ranar Asabar, a walimar da ƙungiyar mafarautanmu ta shirya masa ta ajiye aiki. Na rubuta yadda ya faɗa, ban ƙara gishiri ba.

Wanda bai san shi ba, shi ne tsohon nan da ke wucewa kan jar tarakta da sassafe, da zarar zafin Alabama ya fara sassauci, kare na zaune a ƙafarsa. Yana fara tsayawa a shagon iri da taki inda nake aiki, ya sha kofi, ya kushe kofin, sannan ya loda alkama da waken sanyi da farar ƙasa ya shiga daji. Ya yi huɗa, ya watsa iri, ya ja tsohon ƙyauren ƙarfe a bayan tarakta ya rufe irin da ƙasa. Daga nan sai ya koma kallon sama.

Ni makaranta ban yi nisa ba, yawancin abin da na sani a bayan buhu na karanta. Amma har yau ban ga buhun da ya yi mini bayanin wannan aiki ba. Mutum ya noma gona don barewa ta ci. Shuka ta fito, ya kewaye ta da waya don kada barewa ta ci. Ta yi ƙwari, ya cire wayar, ya yi ta addu'a barewa ta zo. Ta zo, ya hau ɗan ɗakin dako ya jira ta da bindiga. Na taɓa tambayarsa, "Baba, wai son su kuke ko ƙin su?" Ya ce, "'Yar nan, miƙo min buhun can."

Gonakin ƙungiya duka shi ke shukawa, kowane mamba da tasa. Mambobin kuwa sai an buɗe farauta suke zuwa daga birni, da kaya masu zanen ganye tun daga hula har safa. Shugabanmu, Boyce Hargrove, yana wanka da sabulu na musamman mai kashe warin ɗan Adam, sannan ya kunna sigari ya nufi daji. Iri ma ba ya sayen wanda babu hoton ƙaho a jikin buhun. Alkamar ciki ɗaya ce da ta buhun da babu hoto. Ni nake zubawa.

Abin da ba su gani ba, wasu sun gani. Hoyt Mabry, mai gyaran taya, ya ga Baba Delmus shekarar da aka yi fari yana jan tankin ruwa daga rafi, sawu bayan sawu, har tarakta ta ɗauki zafi ta mutu. Shekarar da tsutsa ta cinye tsiro cikin kwana kaɗan, ya sake shuka duka, bai gaya wa kowa an yi ta farko ba. Matar Baba, Inna Odessa, ta ce ya taɓa dawowa gida da haƙarƙari a kumbure, wai ɗan barewa ne ya maƙale a waya, ya kwance shi, shi kuma ya gode masa da ƙafar baya. Kuma in an rufe farauta, mambobi sun koma birni, sanyi ya ƙone komai a dawa, shi kaɗai ke komawa ya ƙara taki, saboda a lokacin ne bareyi masu ciki suka fi bukatar abinci. Babu wanda ya sa shi.

Baba Delmus, kai ne manomin da bai taɓa kai amfaninsa rumbu ba. Kai ne ke ganin gona an cinye ta ƙarƙaf ka dawo kana murmushi. Wannan ma ban gane ba, amma na ga murmushin.

Gonar Kwari ita ce tasa, can ƙarshen daji kusa da rafi. Dokar ƙungiya ta ce gonar da mai ita ba ya kashe komai a cikinta, a buɗe ta ga kowa. Shi kuwa kowace kaka da labarinsa: ya kayar da ƙato, ya fita da shi ta hanyar rafi, ya kai wa wata coci a ƙetare. Babu wanda ya taɓa ganin naman. Babu kuma wanda ya taɓa taka gonar da bindiga sai shi. Da an fara harbe-harbe a sauran gonaki, can bareyi ke taruwa da 'ya'yansu.

Yanzu gwiwa ta hana shi hawa tarakta, Boyce kuma ya daɗe yana son gonar don baƙinsa. Sai dai akwai al'ada: wanda mai gona ya miƙa wa bindigarsa, shi ya gaje ta. Ranar Asabar, bayan an ci kifi soyayye, Baba Delmus ya ɗauko bindigar da ke zama a ɗakin dakonsa ya ɗora mini a hannu. Na waiga ko akwai wani a bayana.

Ni mamba ce don kujerar marigayi babana na gada, amma ko zomo ban taɓa harba ba. Boyce ya san haka.

"Baba, da girmanka," in ji shi, "Renna ko ƙuda ba ta kashewa. Gonar za ta zama gidan hutun bareyi."

"Ni na koya mata. Hannuna ne da ita."

Ban san lokacin da aka yi wannan darasin ba.

"Kawo mu ga bindigar da ta yi wannan suna," in ji Boyce. Ya karɓa, ya juya bakinta ƙasa, ya ɗan buga. Busasshiyar laka ta zubo kan farantin kifinsa. Ya sake bugawa, wata ta zubo. Gidan zanzaro ne, hawa kan hawa.

Kowa ya kalli farantin. Boyce ya ce, "To, jama'a, kun dai gani. Doka kuma doka ce."

Hoyt ya ci gaba da tauna. "Ni ban ga komai ba, ranka ya daɗe. Tabarau na bari a mota."

"Yana kan hancinka, Hoyt."

"Wannan na karatu ne."

Wani daga baya ya ce ai kifin ne da ƙasa-ƙasa tun farko. Boyce ya ce a ɗaga hannu, wa ya yarda a buɗe gonar. Hannunsa ya tashi, ya duba hagu da dama, ya mayar da shi ya sosa ƙeya. A nan na fahimci ashe duk wanda ke wajen ya daɗe da sanin Baba ba ya harbi a gonar, ban da ni da Boyce. Gona ta zama tawa. Ban san yadda ake tayar da taraktar ba, kuma shuka saura mako biyu.

Mun gode, Baba Delmus. Mun gode da huɗar, da ruwan da ka ja, da haƙarƙarin. Masu zuwa daji da sabbin kaya, ku zo tun ana zafi ku kama masa buhu ɗaya, ku dawo bayan an rufe farauta ku ga abin da ake ci a dawa. In kun noma, ku bar wani gefe da ba za ku ɗora wa ido ta bakin bindiga ba. Dalilin ban gama gane shi ba, amma ranar Litinin zan je ya nuna mini giyar tarakta.

Da aka watse, na raka su mota. Ya riƙo hannuna ya ce, "Kada ki saurari mutanen nan. Zanzaron bana ne. Bara ma da ita na kayar da wani, ƙahonsa kamar kujera."

Inna Odessa ta buɗe jakarta, ta fito da gwangwanin zare, ta zaro wani ɗan siririn ƙarfe ta sa mini a tafi.

"Allurar bindigar ce, wadda ke bugun harsashi," in ji ta. "Na cire ta ranar da autanmu ya fara rarrafe. Yanzu autan furfura gare shi. Har yau malam bai tambaye ni ina take ba."