Gidaɗo da Maganar Burtali

Gidaɗo ɗan ruga ne daga yammacin Gangara, kuma har ya fara gemu bai san wani aiki ba sai bin shanu. Babban farin tamanin da huɗu ne ya raba shi da su. Ya kora garken ubansa kudu neman ciyawa, ya dawo daga shi sai sanda. Wani manomi a Gangara, Sabo, ya ba shi zaure, ya riƙa raba tuwon gidansa da shi har damina ta faɗi, alhali shi ma rumbunsa ya kusa kai ƙasa. Daga nan Gidaɗo ya wuce Gazawa, ya zama mai kiran fasinja a tasha. Murya gare shi irin ta wanda ya saba kira a daji, Hausarsa kuwa har gobe da ɗanɗanon Fulatanci.

Muryar nan ce ta kai shi siyasa. Shekaru sun ja, fari ya sake dawowa, fara ta cinye ɗan abin da ya tsira a gona, kuma shekarar ce ta zaɓen shugaban ƙasa. Alhaji Magaji, mai riƙe da buro, wato ofishin wata ƙaramar jam'iyya a Gazawa, ya ɗora shi bayan mota da lasifika. Ya bayyana masa cewa a zagayen farko kowane ɗan takara nasa yake tarawa, su kuwa nasu makiyaya ne, don haka sai a faɗa musu abin da ke ƙona musu rai.

Wannan bai yi wa Gidaɗo wuya ba, don abin yana cikinsa. Ya bi rugage da bakin rijiyoyi da kasuwannin dabbobi, yana cewa gonaki sun cinye burtali, saniya ba ta isa ruwa sai an ci mai ita tara. Mutane na tafi, shi kuma harshe na ƙara zafi, har wata rana ya ce manomi ba ya ƙoshi da ƙasa sai ranar da aka rufe shi da ita.

Ɗan takararsu bai kai zagaye na biyu ba. Ya mara wa ɗaya daga cikin biyun da suka rage baya, shi kuwa wannan sai da ƙuri'ar manoma zai haye. Magaji ya kira Gidaɗo ya ce yanzu magana ta sauya: hatsi mai rahusa, rijiyoyi, zaman lafiya. Burtali a ajiye shi.

"Alhaji, in na ajiye burtali, da wane ido zan koma ruga?"

Magaji ya ce shi bai sa shi ƙarya ba, shiru kawai ya nema har a gama zaɓe, kuma ranar kasuwar Gangara za su fara.

Gidaɗo ya riga su zuwa. Ya sami Sabo a zauren nan, ya tsufa, ido ya rage. Tsohon ya ji abin da aka faɗa a kan manoma, amma bai tayar da zancen ba. Ya ce a kama masa hannu su je gona. Can ya nuna masa yashi fari fat, ya ce tun da shanu suka daina kwana a nan bayan girbi, ƙasar ba ta ƙara ganin taki ba.

"Ni ma na ci hanyar shanun, Gidaɗo. Ba ƙeta ba ce. Gonar ce ta gaji, na matsa inda ke da sauran ƙarfi."

Suka daɗe zaune a gindin gawo suna juya maganar.

Ranar kasuwa, da Gidaɗo ya hau motar, wasu suka juya masa baya. Bai ajiye burtali ba. Ya ce bana ba wanda ya tsira, mai rumbu da mai garke duk sun ga abu guda. Hanyar shanu in ta buɗe, taki ne zai shigo gona, kara kuma ya ceci saniya, kuma duk mai neman ƙuri'arsu sai ya ɗauki wannan tare da hatsi da rijiya. Sabo na tsaye jikin motar, dafe da sandarsa. Ganinsa a wurin ya sa waɗanda suka fara tafiya suka dawo.

Magaji ya saurara da fargaba, sannan ya duba fuskokin mutane. Washegari ya ce a kai wannan maganar garin Cadawa yadda take.

Ƙuri'ar Gangara ta rabu, nasu ɓangaren ya ɗan rinjaya. Bazarar da ta biyo baya ta yi tsanani, alkawuran manya kuma wasu suka iso, wasu har yau ana jira. Amma kafin ruwan farko maigari ya tara manoma da ardon makiyaya, aka bi tsohon burtalin aka dasa aguwa gefe da gefe, Sabo ne ya fara janye iyakar gonarsa. Da aka yi girbi, garke biyu suka sauka a gonakin garin.

Gidaɗo ya koma tasha. Yanzu in saniya ta yi ɓarna tsakanin Gazawa da Gangara, kafin a kai ga jandarma sai a turo mai babur ya ɗauke shi, ya je ya zauna tsakanin mai gona da mai saniya har su daidaita.