Babbar Tarakta a Bayan Rami

Gonarmu tana bayan rami, ramin nan da aka haƙa ya kewaye Maiduguri don tare mahara, mai ƙofar da ake buɗewa da hantsi a rufe bayan la'asar. Shekaru muka yi ba mu taka ta ba, ƙaya ta cinye ta. Da aka ce manoma suna iya fita, sai maigidana ya kasa zama a ɗakin da muke haya a Umarari.

Tarakta iri biyu ake bayarwa haya. Ya zauna a tabarma yana yi mini bayani ina tsintar wake. Ƙaramar ba ta da nauyi, amma ba ta iya tumɓuke kututture, sai an yi ta fita ana komawa. Babbar kuwa rana ɗaya ta gama, sai dai ƙasarmu firgi ce, baƙar laka mai riƙe ruwa, ga damina ba ta gama janyewa ba.

"To a jira ta bushe mana, Malam."

"In ta bushe a ina zan dasa masakwar? A kan siminti?"

Na yi dariya ba don ina so ba. Masakwa, dawar rani, danshi take bi, na sani. Amma duk fitarsa bayan rami ni ce mai zama da carbi, ina jiran abin da za a zo a faɗa mini. Fita ɗaya ta fi mini sauƙi. Shi ma haka ya gani, ya ɗauki babbar.

Ranar da ya fita na tuƙa tuwo na rufe. Aka kira la'asar, na yi salla, ban san surar da na karanta ba. Wayarsa ba ta shiga. Maƙwabciyata, wata dattijuwa Babarbariya, ta shigo ta ce "Wushe," wato sannu da yarensu, ta zauna kusa da ni. Wanda aka rufe wa ƙofa a waje yake kwana, kuma duk mun san abin da ke waje.

Rana na shirin faɗuwa ya shigo, ba takalmi, laka har gwiwa. Tarakta ta nutse tun kafin azahar. Suka yi ta haƙa, har direba ya dubi rana ya ce su gudu. Da ƙyar suka sami ƙofa.

Na miƙa masa buta. Yana wanke ƙafa ya ce gobe za su koma ciro ta, jibi ma, har sai ta fito.