Baba Zauna da Baburan Hawan Dutse

Kun san shi. Kada ma wani ya fara cewa bai san shi ba. Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta nufi gindin dutse ya wuce ta gaban rumfarsa, ya ga dattijo a tsugune da gilashin ido ɗaure da zare, ya kau da kai don kada a gan shi yana gaisawa da mai baƙin hannu. Mun iya cika zauren taro mu tafa wa wanda ya zo buɗe ginin da bai ɗora masa ko bulo ɗaya ba. Amma mutumin da ya sa magani yake isa ƙauyukan kan dutse, ga shi zai ajiye sifana, gari kuwa shiru kamar ba abin da ya faru. Abin kunya ne, kuma kunyar tamu ce.

Bakanike ne, aikinsa baburan nan masu ƙafa huɗu, waɗanda su kaɗai suke iya hanyar dutse daga inda mota ta sallama. Tun kafin masu shaguna su buɗe ya share rumfarsa. Sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan benci, don duk ƙanƙantar abin da ya faɗi a gan shi, ya jera sukudireba da sifanar fulogi da kwanon da yake wanke kayan gyara a ciki. Sannan ya jawo kujerar katako ya ajiye kusa da tasa. Wannan kujerar ta mai babur ce, kuma ita ta jawo masa suna. Duk wanda ya kawo gyara ya ce bari ya je ya dawo, amsa ɗaya ce: "Ina za ka? Zauna ka gani." Tun ana jin haushi har aka saba, sunansa na yanka ya ɓace, ya zama Baba Zauna.

Abin da yake so a gani kuwa kafireta ce, wato inda fetur da iska suke haɗuwa kafin su shiga inji. A cikinta akwai wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar wake ba, mai ƙofa siririya da fetur ke bi. Kanikawa suna ce masa jet. Baba yakan ɗora shi a tafin hannun mai babur ya ce, "Kai in ka hau dutse ba haki kake yi ba? To shi ma injin haki yake yi. Iskar sama ba ta da kauri. In iska ta ragu ba ka rage masa mai ba, ka yi masa ɗura ke nan, sai ya shaƙe, ya yi ta aman baƙin hayaƙi har ya mutu. Can sama mai ƙaramar ƙofa yake so. Amma in ka sauko ka manta ba ka mayar da babban ba, ka bar shi da yunwa cikin zafi, fistin zai ƙone maka. Ranar kada ka zo mini da kuka."

Shi ya sa ba a iya saita babur sau ɗaya a huta. Daga gari zuwa gindin dutse tafiya ce mai nisa cikin yashi da rana, daga nan kuma sai hawa. A tsakiyar hawan akwai wani fili da masu itace suke hutawa, nan Baba ya yanka wa kowa doka: in za ka hau, tsaya ka canza, in za ka sauka, tsaya ka mayar. Kowane babur da ya bi ta hannunsa akwai ɗan gwangwani ɗaure a ƙarƙashin kujerarsa, da ƙyalle biyu a ciki, ja na jet ɗin sama, fari na ƙasa. Kuma ba ya barin mutum ya tafi sai ya kwance ya ɗaura da hannunsa, ya cire fulogi ya faɗi abin da ya gani: in baƙi ne mai ya yi yawa, in fari fat ne ya yi kaɗan, in ƙasa-ƙasa ne a tafi lafiya.

Sauran kanikawan layin ba su so haka ba. Kowa ya san yadda muke yi a garin nan, daga bakanike har tela har ma'aikacin ofis: mutum ya iya abu sai ya juya baya ya rufe da jikinsa, kada wani ya ga inda ya taɓa. Maƙwabcinsa Gajere, mai gyaran ƙananan babura, yakan leƙo ya ce, "Kai dattijo, makaranta ka buɗe ne ko gareji? Ka koya wa kowa, gobe wa zai zo wurinka? Sai dai ka zauna kana gyara wa kanka kujera."

Baba ya ce, "Gajere, in babur ya mutu wa mutum a kan dutse, kai za ka hau ka same shi? Da waɗannan 'yan ƙafafun naka?"

Ko a gida bai tsira ba. Matarsa ta sha gaya wa maƙwabta cewa da ta tsaya masa, da tuni ya koya mata kwance inji. "Na ce masa, Malam, ni ka bar ni da keken ɗinkina. Ya ce ai shi ma yana so a duba shi."

Cikin waɗanda ya tsare a kujerar nan, babu wadda ta yi masa gardama kamar wata ma'aikaciyar jinya ta babban asibiti, wadda kowa ke kira Sista. Asibitin yana da babur guda na kai magani sama, da direbansa, amma wani lokaci ita kan kawo shi gyara. Ranar farko ta ce, "Baba, ni fa aikin jinya na karanta. Ka dubi farar rigata."

Ya ce, "'Yata, hannun da yake samo jijiyar jariri ne zai kasa kwance jet? Zauna."

Ta zauna tana tsaki. Ta kwance, ta yar da wasa, wani ɗan zoben ƙarfe, suka nemo shi a kan farin ƙyalle, ta ɗaura a karkace, ya sa ta sake. Rigar dai ba ta ƙara fita fes ba, kuma ta daɗe tana yi masa gorin ta.

Sai ga ranar da aka bugo waya daga ƙaramin asibitin kan dutse. Wata mata ta haihu, jini ya ƙi tsayawa, an samu an tsayar amma ta zubar da yawa, in ba a kawo jini ba ba a san yadda za ta kai yamma ba. Direban kuwa yana kwance da zazzaɓi. Sista ta ɗaure akwatin sanyi da jini a ciki a bayan babur, ta hau da kanta.

A lokacin hannun Baba ya riga ya fara rawa saboda tsufa. Yana zaune ya ji ƙarar injin da ya sani, ya fito bakin titi ya ɗaga hannu. Ta rage gudu kawai. Ya yi ihu ya ce, "Gwangwani yana nan?" Ta ce yana nan. Ya ce, "Ki tsaya a fili!" Ƙura ta rufe ta. Ya koma ya zauna, ya ɗauki wata kafireta, ya kasa riƙe sukudireba. Abincin da aka aiko masa daga gida ya huce a rufe. Gajere ya leƙo da niyyar tsokana, ya ga fuskarsa, ya jawo kujerar katakon ya zauna kusa da shi.

Sauran labarin masu itace ne suka ba da shi, ita ma ba ta musa ba. Ba ta tsaya a fili ba. Ta ga rana ta yi sama, ta tuna matar da ke kwance, ta ce a ranta babur ai yana tafiya, ta wuce. Ba ta yi nisa ba ya fara tari. Ta ƙara masa wuta, ya tuttuɗo baƙin hayaƙi, ya yi gurnani ya mutu a kan gangara. Masu itace suka rugo. Wannan ya ce mai ne ya ƙare. Wancan ya ce a ja cok, abin da ake ja in inji ya ƙi tashi. Wani ya ce ta sauke akwatin su ɗauka a ka, tafiyar da ba za a gama ta ba sai rana ta faɗi.

Ta ce, "Ku sa masa duwatsu a ƙafa kada ya gangara, ku ba ni wuri."

Ta cire fulogi, ga shi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ta cire ɗankwalinta na aiki ta shimfiɗa a ƙasa, ta rufe mai, ta kwance gindin kafireta, fetur yana bin yatsunta. Ta fitar da babban jet ta ƙulle a farin ƙyalle, ta warware ja ta ɗaura ƙaramin. Ta goge fulogi ta kankare shi ta mayar. Wani tsoho cikinsu ya ce, "Yarinya, wa ya koya miki wannan?" Ta ja igiyar tayar da inji, bai tashi ba. Ta sake ja. Injin ya yi tari, ya kama, ya miƙe da murya tas, ba hayaƙi. Masu itace suka ɗauki sowa kamar nasu ne. Jini ya isa da sanyinsa. Matar tana nan da ranta, yarinyar da ta haifa har ta fara gudu.

Washegari da hantsi Baba yana bakin rumfa, ya ji inji daga nesa. Ya karkata kai, ya rufe ido, ya saurara. Sai ya buga cinyar Gajere ya ce, "Ta mayar! Wallahi ta tsaya ta mayar da babban!" Ta iso ta kashe babur, riga duk baƙin mai. Ta ce, "Baba, da sauƙi, ta farfaɗo. Amma na ƙi jin maganarka wajen hawa."

Ya ce, "Na gani a salansa. Sauko ki sha ruwa, sannan mu yi faɗan."

Baba, kai ne ka yi wannan tafiyar, ko da yake ba ka tashi daga rumfarka ba. Kai ne ka gane cewa gyaran da ya tsaya a hannun mutum ɗaya ba ya hawa dutse. An yi maka dariya, an ce kana kashe kasuwarka, ka ci gaba da jawo kujera. Yau malamin makarantar sama yana canza jet, mai kai allurar rigakafi yana canzawa, manoman da ke sauko da kaya suna canzawa, kuma kowannensu da muryarka a kunnensa yake yi. Mai buɗaɗɗen hannu, mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ba hannun nan sauƙi, ya sa hutun ya zama mai daɗi.

Amma godiya ba ta tayar da inji. Baba zai rufe rumfa kafin ruwa ya sauka, lokacin da hanyar dutse ta fi cin babura, kuma har yau ba wanda ya fito ya ce zai karɓe ta. Sababbin direbobi suna zuwa, ba su san ja ba, ba su san fari ba. Wata rana wani zai sake kwanciya can sama yana jiran jini, kuma yana iya zama naka. Matasan da suke wuni a bakin titi suna cewa ba aiki, ga aiki. Iyayen da suke ganin baƙin mai ƙasƙanci ne, ku sake tunani. Hannun Baba yana rawa, amma bakinsa da kunnensa lafiya lau, kuma ya ce duk wanda ya zo zai koya masa. Kai da kake karanta wannan, kada ka tsaya a "Allah sarki". Gobe da safe ka je, ko ka tura ɗanka, ko 'yarka. A karɓi sifanar nan daga hannunsa tun yana iya miƙa ta.