Jirgin Da Na Sa Aka Jira Da Gawar Baba

Shekarun baya, lokacin ina aiki a Yola, wata safiya yayana ya kira ni daga ƙauyenmu da ke bayan Bici. Ko gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Baba ya rasu bayan asuba. Ƙarfe goma sha ɗaya za a yi jana'iza."

Na yi salati, na zube a bakin gado. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, in shiga sahu in sallaci mahaifina. A mota kuwa tafiyar yini ce cur. Sai na duba waya, ta ce daga Yola zuwa Kano a jirgi awa ɗaya ce da 'yan mintoci. Ni da ban taɓa shiga jirgi ba, na ɗauka kamar tasha ce, kana zuwa ka tarar ana lodi.

Na kira shi na ce, "Yaya, don Allah ku jira ni zuwa azahar."

Ya ce, "Ka san ba a ajiye gawa a garin nan. Amma bari in roƙi Malam Liman."

A filin jirgi, mai sayar da tikiti ta ce ranar babu mai zuwa Kano kai tsaye, sai dai in bi ta Abuja in jira wani a can. Na miƙa mata wayata kamar na kama ta da ƙarya. Ta ce, "Malam, wayarka nisa ta gaya maka, ba ta gaya maka akwai jirgi ba." Duk da haka na saya, kuma ban gaya wa kowa a gida ba.

Ana kiran azahar na sauka Abuja. Na Kano sai bayan la'asar. Yayana ya kira, muryarsa a sama: "Kana ina? An gama kabari tun hantsi. Mutane sun baro gonakinsu suna zaune a rana, ga zafin nan."

Na ce, "Ina hanya."

Sai na ji an karɓi wayar. Mahaifiyata ce. "Gaya mini gaskiya, kana ina?"

"Abuja, Inna."

"To ka sake shi ya tafi. Bai taɓa sa kowa jira ba yana da rai, kada ka jawo masa hakan yau."

Da ta mayar wa yayana wayar, na ce masa su yi sallar. Bai kashe wayar ba, aljihu ya saka ta. Ina tsaye a ɗakin jiran jirgi, mutane na jan akwatuna ta gefena, na ji kabbara huɗu ɗaya bayan ɗaya. Na yi kuka ban damu da masu kallona ba.

Sai bayan magariba na isa gida. Babu wanda ya yi mini faɗa, kuma wallahi da faɗan suka yi da ya fi mini sauƙi.

Na daɗe da haƙura da rashin sallar, Allah bai rubuta zan same ta ba. Abin da yake ci na har yau shi ne awa ukun da mahaifina ya yi kwance a kan makara a soro, an gama masa komai, ni kaɗai ake jira.